Shafin Manoma, Tambaya da Amsa: Taki ya fi ƙarfin aljihu, mi za mu yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dattijo ne, ina noman hatsi da dawa a nan wajen Kangiwa. Gonar da munka gada ga mahaifinmu da can taki kaɗan take so ta cika rumbu, yanzu ko an zuba sai ƙuduji ya taso ya kashe dawa, ga tsadar taki ba ta faɗuwa. Na ji a rediyo ana maganar wani noma wai agro-ekoloji, wai a bar takin zamani kwata-kwata. Dan Allah gaskiya ne? Mu bari ko mi za mu yi?
Wani manomi daga ƙasar Arewa, jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kar ka yar da takin zamani dare ɗaya, duk wanda ya ce maka haka bai san yunwa ba. Ƙasar Siri Lanka ta gwada a watan Afrilun 2021, gwamnati ta hana shigo da takin zamani lokaci guda, shinkafarsu ta faɗi ƙasa warwas, kafin shekarar ta ƙare dole suka janye dokar.

Amma wanda ka ji a rediyon yana da gaskiya ta wani gefen, kuma ita ce ta fi damuna. Gonarka ba takin ne kawai ta rasa ba Baba, jikinta ne ya mutu. Ƙasar wajenku jigawa ce, abin da ke riƙe ruwa da taki a cikinta shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabba, toh yanzu an daina barin gona ta huta saboda mutane sun yi yawa, ana gama girbi a kwashe kara kaf a kai gida, an sare itatuwa, Fulanin da ke zama da shanu a gona da rani su bar mata kashi su ma rashin tsaro da rashin yarda ya raba mu da su. In ka zuba yuriya a irin wannan ƙasa kamar zuba ruwa a kwando ne, ruwan sama biyu ya wuce da ita ƙasa inda saiwa ba ta kai.

Shi wannan noman da ake magana gyaran nan yake nufi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato FAO ta fitar da ginshiƙansa guda 10 a 2018, in ka duba yawanci abin da ka taso ka gani ne: haɗa shuka iri-iri a gona ɗaya, haɗa noma da kiwo, mayar wa gona abin da ya fito daga gona, da manoma su riƙa koyo wajen juna. Kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba, maƙwabtanku ne. A yankin Maraɗi farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya lura kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Aka fara barin tsiro biyu uku masu ƙarfi a kowane kututture a yanke sauran, ba dashe ba ban ruwa. An ƙiyasta haka ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawa Maraɗi da Damagaram. Kalgo da sabara da ke gonarka duk za su yi, amma in ka samu gawo ka riƙe shi da hannu biyu, shi da damina yake zubar da ganye kaga ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su zo cin 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa.

In kana da fako a gefen gona, wurin da ya ƙeƙashe ruwa ke gudu a kai, a nan ake tassa: ramuka ake tonawa da rani, a zuba tafin takin gida a kowanne, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ciki sai a shuka. Da ita marigayi Yakuba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso, ya farfaɗo da ƙasar da kowa ya fidda rai. Aiki ne mai cin ƙarfi gaskiya, sai an sa matasan gida ko a yi gayya.

Takin zamanin kuma daina watsa shi. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana koyar da sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK a kowane rami, a gefen iri ba a kansa ba, a rufe da ƙasa. Buhu ɗaya sai ya yi maka nisa sosai, musamman in akwai takin gida a ƙarƙashi.

Ƙuduji shi ƙasa mai yunwa yake so. Gindi ɗaya na zubar da dubun dubatar iri, kuma irin na iya kwana a ƙasa sama da shekara 10, shi yasa dole a cire shi kafin ya yi fure a tara a ƙone. Inda ya fi yawa ka huta da dawa, ka sa gyaɗa ko waken suya, suna sa irinsa ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, kuma su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ka fara da yanki ɗaya na gonar bana, ka kwatanta da sauran, amma ka sani sai an ɗan yi shekaru kafin bambancin ya fito sosai.

TAMBAYA: Malam mu 'yan noman rani na fadamar Argungu fetur ya gama da mu, injin ban ruwa ne ke cinye ribar. Akwai dabara?
Wani matashi daga Argungu

AMSA: Akwai ɗan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa kuka yake, amma mu ma muna ba shinkafa ruwan da ya wuce buƙatarta, ba dole sai ta kwana cikin ruwa kullum ba. Samu guntun bututun roba, ka huhhuda shi, ka kafa a fangali ka kwashe ƙasar cikinsa. Bar ruwa ya janye, sai ka ga ya sauka kamar santimita 15 ƙasa da fuskar gona sannan ka tada inji. Lokacin fure ne kawai ba a wasa, a nan ruwa ya zauna. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI ta ce ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba.

Wasu na haɗawa da tsarin da ya fito daga Madagaska a shekarun 1980, a dasa iri yana ƙarami ɗan sati biyu ko ƙasa da haka, ƙwara ɗaya a rami, tazarar santimita 25, sai ya yi 'ya'ya da yawa kuma irin da za ka saya ya ragu. Matsalarsa ciyawa, za ta taso fiye da da, in ba ka shirya mata ba za ka ji haushina. Sannan dan girman Allah ku daina banka wa karan shinkafa wuta bayan girbi, hayaƙin nan takinku ne ke tashi sama. A tara shi da kashin shanu a jiƙa ya ruɓe a mayar gona.

TAMBAYA: Malam waken da nake saya a kasuwa wani lokaci warin magani yake, ina tsoron ba yara. Ni ma ina son ajiye na gida kar ya yi ƙwari.
Uwar gida daga Birnin Kebbi

AMSA: Hajiya tsoronki na kan hanya. Wasu 'yan kasuwa na zuba maganin ƙwari kai tsaye a wake, kan haka ne ma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki. Abin takaici wanda Turawa suka ƙi shi muke dafa wa 'ya'yanmu. In kin ji wari ki bar shi, wanki ba ya ba da tabbas.

Na gida kuma ba ya buƙatar magani sam. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki nemi buhun PICS wajen masu kayan noma, wanda ke da leda biyu a ciki da buhu a waje, ki matse iska ki ɗaure kowanne daban. Rashin iska ke kashe ƙwaron. In kaɗan ne jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani ba ta isa, ki cika ta har baki ki rufe gam, kar a riƙa buɗewa. Wanda za a ci cikin watan ki ware shi daban, kuma ki ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera, in ya huda ledar aikin ya ɓaci.