Amsa ga mai tambaya kan 'yarta da gaɓɓanta ke kumbura

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce 'yarki mai shekara 8 gwiwoyinta da yatsunta na kumbura, da safe ta kasa tashi, an gwada ba sikila ba ce, yanzu likita ya rubuta mata methotrexate kina tsoro don kin ji maganin ciwon daji (kansa) ne. Wallahi ban kai ƙarshen rubutunki ba sai da na ajiye wayar. Yarinyar nan ni ce, shekara 20 da ɗoriya da suka wuce.

Nawa ya fara ina aji 2 a firamare. Da asuba hannuwana kamar an ɗaure da igiya, sai hantsi ya dubi ludayi suke sakewa. Abin da ya cuce ni ke nan, don duk wanda ya gan ni da la'asar ina 'yar carafke zai rantse lafiyata ƙalau. Goggona ta ce ƙyuya ce. Kakata ta ce sammu ne. Aka kai ni gun wanzami ya yi min ƙaho, aka kai ni gun maɗori ya ja yatsun da ba su karye ba.

Amma duk wannan bai kai na wata malamarmu ba. Cikin hunturu ne, na makara saboda na kasa saka maɓallin rigata. Ta ce in miƙo hannu. Na miƙa tafi, ta ce in juya. Ta ɗauki rular katako ta dinga buga min gefenta a kan kumburin, ta sa 'yan aji suna ƙirgawa. Goma. A na bakwai fitsari ya kufce min a tsaye. Har na gama makarantar ana tsokanata da shi. Na koma gida, Goggo ta ce ai maganina ke nan. Innarmu ce kaɗai ta shiga ɗaki ta yi kuka, ita ma ba ta da ta cewa a gidan. Na sha faɗin na yafe wa malamar nan, amma har gobe in na ga rular katako sai gabana ya faɗi.

Ki ba 'yarki maganin, don Allah. Gaskiya ne ana amfani da shi a ciwon daji, amma namu ɗan kaɗan ne. Ciwon nan, amosanin gaɓɓai na yara, garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓɓai, shi kuma maganin lafar da ita yake yi. Sau ɗaya ake sha a SATI, ba kullum ba, shan sa kullum na iya kisa. Ki rubuta ranar a bango. Ana haɗawa da folic acid, ana kuma gwajin jini lokaci-lokaci don duba hanta. Yakan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kar dangi su ce bai karɓe ta ba. Kuma kar kowa ya ba ta Septrin tana kan maganin nan.

Ni sai da na kai 19 na ga likitan amosanin gaɓɓai. Kafin nan haɗin wani mai kemis nake sha a ƙullin leda, ashe prednisolone ne da diclofenac. Fuskata ta yi suntum, mata suna barka wai na yi ƙiba na warke. Tsawona ya tsaya, olsa ta kama ni. In 'yarki na kan prednisolone kar ki yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali. Yatsuna uku da suka karkace kuwa sun tafi ke nan, da su nake cin tuwo. Wanda ya fara neman aurena ma yayarsa ce ta kalli hannuna ina miƙa mata ruwa, daga ranar ban sake jin sallamarsa ba. Allah Ya musanya min, 'ya'yana biyu, sai dai duk lokacin da za mu nemi haihuwa likita ke tsayar min da maganin tun da wuri, don yana illa ga ɗan tayi. Wannan ba yanzu ba, na sani.

Ido! Na kusa mantawa. Ciwon nan a yara yakan kama cikin ido shiru, ba ja ba zafi. Ki kai ta likitan ido ko da tana gani garau. In kuna kusa da Kano ko Zariya, asibitin Malam Aminu Kano da na Shika suna da likitocin gaɓɓai.

Ruwan ɗumi da safe, ta tsoma hannu kafin alwala. In zaman tahiya ya gagara ta yi sallah a kujera. A sama mata kujerar ban-ɗaki, tsuguno azaba ne. Kar a kwantar da ita wuni guda, gaɓa in ba ta motsi sandarewa take.

Ki karɓi takarda a hannun likita, ki je makarantarsu da ƙafarki, ki damƙa wa malamar ajinsu hannu da hannu. Ni ranar Juma'a da dare nake shan nawa, don in tashin zuciya ya zo ya same ni a gida ranar Asabar.