An juye yashi a filin unguwarmu, wai makaranta za ta katange shi

Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan cikin garin Gombe. Akwai wani fili tsakanin gidajenmu da wata sakandaren gwamnati. Shekaruna 54, kuma tun da na yi wayo a buɗe na san shi. Nan yara ke buga ƙwallo bayan la'asar, nan ake kafa rumfar biki da ta zaman makoki, ta nan mata ke yankewa zuwa injin niƙa. A gefen gabas akwai bishiyoyin dogon yaro guda 11 da dattawa ke zama a ƙarƙashinsu. Makon jiya sai ga tifa ta juye yashi, ɗan kwangila ya ce an ba shi aikin katanga da filin ƙwallo da na kwando da ɗakin canza kaya na ɗalibai. Ba wanda ya ce mana uffan. Matasa na cewa duk bulon da aka jera da rana za su rushe shi da dare. Wani dattijonmu kuma ya ce tun da mun fi shekara 40 muna amfani da wurin, hauzi ya ba mu shi. Ba ma gaba da makaranta, 'ya'yanmu ne a ciki. Ina muka tsaya a doka?

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare.

Kafin komai, ka tara yaran nan a daren yau ka ja musu kunne. Rushe katanga ɓarnar dukiya ce a dokar Final Kod, kuma ranar da aka kwashi uku ko huɗu daga cikinsu, maganar fili ta mutu ke nan, ta koma maganar beli. Sannan duk ofishin da kuka shiga daga baya, da sunan 'yan tayar da zaune tsaye za a karɓe ku.

Sai maganar Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Hauzi gaskiya ne, a fiƙihun Malikiyya yake, kotunanmu na Arewa kuma suna aiki da shi: mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana gini ko noma ko rushewa kamar mai shi, mai haƙƙin yana gari yana gani, bai ce komai ba kuma ba abin da ya hana shi magana. Amma ka lura da irin riƙon. Buga ƙwallo da shan inuwa da ratsawa zuwa niƙa ba riƙon mai abu ba ne. Abin da lauyan gwamnati zai ce shi ne an bar ku ne kuna amfani, aro ne, shi kuwa aro ko ya shekara ɗari ba ya zama gado. Na san maganar ba daɗi, amma gara ka ji ta a nan da ka ji ta a gaban alƙali bayan kun tara kuɗin lauya gida-gida.

Abin da zai raba gardamar takarda ce, kuma na fahimci har yanzu ba wanda ya gan ta a cikinku. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 1, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, sashe na 2 kuma ya bar ƙasar cikin birni ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye. Saboda haka tambayar ba ita ce wa ya daɗe a wurin ba. Tambayar ita ce: a taswirar awon unguwar, me aka rubuta a kan wannan fili? Amsar tana hukumar GOGIS mai riƙe da bayanan filaye, da hukumar GOSUPDA mai ba da izinin gini. Ku rubuta musu, ku haɗa da ma'aikatar ilimi, ku nemi kwafin taswirar unguwa, da taswirar safiyo ta harabar makarantar, da izinin ginin da aka ba wannan aiki. Ku kafa hujja da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A da jihohi kan noƙe su ce dokar ta tarayya ce, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma. Kowace wasiƙa ku yi ta kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a naku. Kada ka yi mamaki idan fayil ɗin ya fito da tambarin Jihar Bauchi, domin sai 1 ga Oktoban 1996 aka cire Gombe daga cikinta. Idan makarantar ta girmi 1976, har tambarin Jihar Arewa maso Gabas za ka iya gani.

Kafin amsa ta zo, ku zagaya filin da kanku da sassafe, ku da dattijo ɗaya da ya san tarihin wurin. Ku nemi duwatsun awo, 'yan guntayen simintin nan masu lamba a ka, waɗanda galibi ƙasa ta binne ko yara suka mayar da su turken gola. Ku share, ku ɗauki hoton lambar, kada ku tuge ko ɗaya. Na taɓa tsaya wa mutanen wata unguwa a irin wannan rigima, muna ta kumfar baki wata biyu, sai wani tsohon maigadin makarantar ya kai mu bayan wani shagon caji ya tona da sandarsa, ga dutsen makaranta nan zaune, kusan taku 60 cikin abin da muke kira filinmu. Ranar na koma gida ba bakin magana.

Na kawo wannan ne don abin da na fi zato ke nan a naku. Tsofaffin makarantun gwamnati an yanka musu filaye manya, ba a katange ba saboda ba kuɗi kuma ba tsoro, gari ya zo ya kewaye su. Idan filin na cikin awon makaranta, to ba ku da ƙarar mallaka, ko kaɗan. Kuma a yi adalci, hujjarsu ba ta banza ba ce. Kowa ya ga yadda aka cinye filayen makarantu da shaguna a garuruwanmu, kowa ya san abin da ya sa iyaye ke son katanga a 'yan shekarun nan, kuma ɗalibar da ba za ta iya motsa jiki a fili buɗaɗɗe maza na kallo ba, ita ma 'yar unguwar ce.

Idan kuwa taswira ta nuna an ware wurin ne a matsayin filin shan iska ko filin wasan jama'a, labari ya sha bamban. Gwamnati na da ikon sauya amfanin wuri, amma ta hanyar hukumar tsara birni da rubutaccen izini, ba ta bakin shugaban makaranta ko ɗan kwangila ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 tsakanin Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, tsara birane hurumin jiha ne, don haka dokar Gombe da ƙa'idojin GOSUPDA su ne ma'auni. Ginin gwamnati ma gini ne. Idan ba a bi matakan ba, kuna da abin riƙewa, sai dai ka sani irin wannan nasara sau da yawa jinkiri kawai take sayowa: su koma su cika takardu su dawo.

Akwai hali na uku, wanda ya fi ƙarfi idan ya tabbata. Wataƙila filin gonar wani gida ce tun kafin 1978, ko hurumin unguwa, ko wani bawan Allah ya bayar da shi wakafi. Wanda ke riƙe da ƙasa kafin Dokar Amfani da Ƙasa, sashe na 34 da na 36 sun ɗauke shi kamar an ba shi izinin zama, ko da ba shi da satifiket, gwargwadon iyakokin da suka gindaya. Irin wannan haƙƙi ba a karɓe shi sai ta sashe na 28: Gwamna ya soke shi don maslahar jama'a, a kuma miƙa wa mai shi sanarwa a rubuce yadda sashe na 44 ya tsara. Kada ku ɓata ƙarfi wajen cewa filin wasan makaranta ba maslahar jama'a ba ne, sashe na 51 ya ambaci ilimi ƙarara. Inda gwamnatoci ke faɗuwa shi ne sanarwa, da kuma karkatar da wurin. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance ta 1991, Kotun Ƙoli ta rushe sokewar da ba a sanar da mai haƙƙi yadda ya kamata ba, ta kuma nuna ba a ƙwace wa wani don a ba wani ɗan kasuwa. To ku sa ido: in an ce filin ƙwallo, sai kuka ga jerin shaguna na tasowa ta bakin titi, ku kira lauya a ranar. Diyya kuwa, sashe na 29 na biyan abin da aka gina ko aka shuka ne, ba ƙasar kanta ba. A fili irin naku kusan bishiyoyin nan ne kaɗai abin lissafi. Game da wakafi, malaman Malikiyya sun karɓi shaidar ji a kan tsohon wakafi, wato dattawa su shaida cewa tun suna yara suke jin wuri kaza wakafi ne. Idan akwai masu wannan shaida, a rubuta maganarsu yanzu, su sa hannu, tun suna raye.

Kotun da za ku je ita ce Babbar Kotun Jiha, sashe na 39 ya ba ta hurumin ƙasar da ke ƙarƙashin izinin Gwamna. Mutum biyu ko uku za su iya shigar da ƙara a madadin sauran, ko ƙungiyarku da sunanta idan tana da rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Za a ce muku ba ku da hurumin ƙara tun da filin ba na ɗayanku ba ne. Amsar tana cikin shari'ar Adediran da kamfanin Interland ta 1991, inda mazauna wata unguwa a Legas suka kai ƙarar kamfanin tireloli da ya addabe su, Kotun Ƙoli ta ce ba sai sun jira Antoni Janar ba, muddin cutar ta taɓa su. Abu na farko da lauyanku zai nema shi ne umarnin dakatar da aiki, kuma nan ne lokaci ke cin mutum. Kotu na dakatar da abin da ba a gama ba ne, ba ta cika ba da irin wannan umarni kan katangar da ta riga ta tsaya ba. Za a kuma sa ku ɗauki alkawarin biyan asarar ɗan kwangila idan ƙarar ta zama ta banza. Ku san da wannan kafin ku sa hannu. Sannan akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3. Kotuna sun ce ba ta shafi ƙarar neman ƙasa ba, amma ni ba na son in dogara da gardamar da zan iya kauce mata ta hanyar shiga da wuri.

Yanzu bari in faɗa maka inda nake ganin ƙarfinku yake, ko da takarda ta juya muku baya: ruwa. Ba sai na gaya wa mutumin Gombe mene ne kwari ba, garin a gangare yake, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizayewa. Fili buɗaɗɗe soso ne, yana shanye ruwan sama. Ranar da aka katange shi, aka daɓe rabinsa da siminti, ruwan nan sai ya nemi hanya, kuma ƙofar gidan wani zai bi. Masu gidajen da ke gangaren filin su ne ke da cuta ta ƙashin kansu da kotu za ta saurara, kuma su ya kamata su fara sa hannu a takardar koke. Ku tambaya a rubuce: ina magudanar ruwa a zanen aikin, kuma ina za ta zubar? Haka bishiyoyin. Gwamnatin da ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019 ba za ta so a ga hoton dogon yaro 11 a kwance da sunan aikinta ba. Ku kuma karanta allon da aka kafa a wurin aikin, ku ga kuɗin na waye. Idan da hannun Bankin Duniya a ciki, ayyukansa na tafe da sharaɗin tuntuɓar jama'a da hanyar shigar da koke. Ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma yana nan, kyauta ne, sai dai ba ya taɓa maganar da ke gaban kotu, don haka ku zaɓi wanda za ku fara da shi.

Da wannan a hannu za ku zauna da su, kuma zaman nan shi na fi so muku a kan shari'a. Ku tafi da tef ɗin awo, kada ku tafi da fushi. Cikakken filin ƙwallo irin na manyan gasa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato fuloti 15 da ɗoriya na ƙafa 50 da 100. Amma dokar wasan ta yarda da mita 90 da 45, wanda bai fi fuloti 9 ba, kuma ya ishi 'yan sakandare. Bambancin nan na kusan fuloti 7 shi ne inuwar dattawanku da hanyar matanku. Ku nemi a ja katangar gabas baya ta bar bishiyoyin a waje, a bar lungu mai faɗin da amalanke za ta wuce, a sa ƙaramar ƙofa ta ɓangaren unguwa wadda za a buɗe wa matasa bayan an tashi makaranta da ranakun hutu, a faɗi wanda zai riƙe makulli da wanda zai gyara abin da aka lalata. Mai unguwa da hakimi su jagorance ku, kwamitin SBMC mai kula da gudanar da makarantar ya zauna, tun da akwai iyaye da mutanen gari a cikinsa.

Sai dai duk abin da aka amince a rubuta shi, kuma kada ya tsaya kan sa hannun shugaban makaranta. Shi ma'aikaci ne, gobe za a iya mayar da shi Dukku ko Kaltungo, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Filin ba nasa ba ne, ba zai iya ɗaure gwamnati da alkawarinsa ba. Babban sakataren ma'aikatar ilimi, ko shugaban hukumar da ke da makarantar, shi zai sa hannu, a liƙa zanen da aka gyara a jikin yarjejeniyar, a kai kwafi GOSUPDA ya shiga fayil.

Wasiƙun nan uku su fita kafin Juma'a. Ranar da kuka kai su, ku roƙi ma'aikatar a rubuce ta sa ɗan kwangila ya fara ta ɓangaren da ba a gardama a kansa, ya bar gefen bishiyoyin tukuna. Idan kuka ga an fara haƙa harsashi ta gabas kafin a amsa muku, ku ɗauki hoto mai kwanan wata, ku kwashi kwafin wasiƙunku masu hatimi, ku nufi ofishin lauya a ranar, ba washegari ba.