Amsa Ga Ɗana Kan Ginin Ƙasa a Hamada

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce masu zanen gine-gine na zamani sun koma gina gidajen hamada da laka da dutse, da bango mai kauri da ƙananan tagogi, shi ne kake tambaya ko wannan al'ada hikima ce, ko kuwa talaucin mutanen da ne aka yi wa kwalliya.

Ka fara lura da daren hamada, domin a kansa dabarar ta rataya. Da yake iskar wurin busasshiya ce, zafin rana ba ya kwana, har bambancin rana da dare yakan kai digiri 15 ko fiye. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin a hankali, ta yadda kafin ya ratsa zuwa cikin ɗaki rana ta riga ta faɗi. Daga nan sai a buɗe tagogi iskar dare ta kwashe shi, gari na wayewa a rufe. Ka dafa irin wannan bango da azahar: ta waje yana ƙona tafin hannu, ta ciki kuwa kamar jikin randa. Wanda ya yi bangon amma bai san lokacin buɗe taga ba, tanderu ya gina wa kansa.

Mutanen Yazad a Iran sun ƙara da hasumiyar iska, wadda suke kira badgir, mai tare iska daga sama ta sauko da ita, wani lokaci ta bi ta kan ruwa ta ƙara sanyi. Ta lambun Daulatabad da ke garin, tsawonta ya haura mita 33. A Masar, mai zanen gini Hassan Fathy ya gina wani ƙauye kusa da Luksor da tubalin laka a shekarun 1940, sai dai da yawa daga waɗanda aka gina dominsu ba su tare ba, abin da nake ganin ya kamata kowane mai zane ya yi nazari a kai. Wanda aikinsa ya fi burge ni shi ne mai zanen gini Francis Kéré, da ya kammala makarantar ƙauyen Gando a Burkina Faso a 2001. Bai ƙi kwano ba, ɗaga shi ya yi sama da silin na laka, domin zazzafar iska ta sami hanyar fita.

Sai dai kada ƙaunar tsohon abu ta rufe maka ido, domin ruwa abokin gabar laka ne ko a hamada. Ambaliyar 2008 ta yi wa dogayen benayen ƙasa na Shibam a Yaman ɓarna. Saboda haka ka ɗora ginin a kan harsashin dutse, ka tsawaita indararo don kada ruwa ya zaizaye bango, ka kuma sa a ranka cewa yaɓe yana buƙatar sabuntawa. Idan ka gama zanen ka aiko mini, ina son ganin gefen da ka fuskantar da tagogin.

Kawunka.