Tambayi Likita: Ɓeraye, kodin da tiramol

Likita, malaminmu ya ce a jikin ɓeraye aka gano yadda kodin ke kama mutum. Me ya haɗa ɓera da ɗan Adam? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ƙwaƙwalwa ce ta haɗa su. A 1973, Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gano wasu gurabe a ƙwaƙwalwar ɓera da mofin (wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ɗan uwan kodin) ke maƙalewa a kai. Mu ma muna da su. Idan mofin ya kama gurbin, sai ya danne ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke hana sinadarin dofamin yawaita, dofamin ya kwararo, ɓera ya ji daɗi. Ka ba shi ɗaki biyu, zai riƙa komawa wanda aka saba yi masa allurar mofin a ciki. Ka haɗa masa maɓallin da ke tura maganin cikin jijiyarsa, zai yi ta dannawa. Kodin kuwa, hanta ce ke mayar da wani ɓangarensa mofin.

Ɗana ya daina shan tiramol, sai ga zawo, zufa da rashin barci. 'Yan uwa sun ce shafar aljanu ce. Daga wata uwa a Maraɗi.

Hajiya, jikinsa ne ya saba da ƙwayar, don ita ma tana kama guraben da mofin ke kamawa. Ɓeran da ya saba da mofin, in aka yi masa allurar naloksan mai toshe waɗannan gurabe, nan take yake fara zawo, haƙora na kaɗawa, yana girgiza jiki kamar karen da ya jiƙe. Ku kai yaron asibiti a rage masa a hankali, don tiramol yana iya jawo farfaɗiya.

Don Allah kada a sa masa mari ko a kulle shi shi kaɗai. A wani gwaji da Bruce Alexander ya yi a Kanada a ƙarshen shekarun 1970, ɓerayen da ke zaune cikin 'yan uwansu sun sha ruwan mofin ƙasa da waɗanda aka ware. Masana sun yi ta muhawara kan gwajin, amma ni dai ban ga amfanin kaɗaici ga mai wannan lalura ba.

Abokina ya sha kwalbar kodin, yana ta munshari, mun kasa tashe shi. Mu bar shi ya yi barcinsa? Daga wani matashi a Kano.

A'a! Maganin yana danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi. Ku kwantar da shi a gefensa, kada ku ɗura masa madara ko manja, ku garzaya da shi asibiti, ku faɗa musu abin da ya sha.