Mako Guda a Zanzibar: Me Iyali Za Su Gani, Me Za Su Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun shafe shekara biyu muna tara kuɗi domin mu kai yaranmu uku hutu wata ƙasa, kuma an ba mu shawarar tsibirin Zanzibar. Sai dai duk hotunan da nake gani na bakin teku ne da Turawa kwance a kan rairayi, abin da ya sa nake ɗari-ɗari. Shin akwai abin da iyali Musulmi za su gani, su kuma yi a can har tsawon mako guda? Wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiyar? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a abin da kuka tara. Hotunan da kike gani na masu tallar otal ne, kuma gefen tsibirin kawai suke nunawa. Zanzibar ƙasar Musulmi ce mai tsohon tarihi, inda kiran salla ke tashin mutane da asuba, mata ke fita da lulluɓi, yara kuma ke tafiya makarantar Alƙur'ani. Shawarata ita ce kada ku shige otal ɗin bakin teku ku yi kwana bakwai a ciki. Ku ba tsohon birni kwana uku, ku ba teku kwana huɗu, kuma ku fara da birnin.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba, kuma tun watan Afrilun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu ƙasar Tanzaniya, ko da yake har yanzu suna da shugabansu da majalisarsu. Unguja ne akasarin baƙi ke nufi idan sun ce Zanzibar, kuma a gaɓarsa ta yamma tsohon birnin yake, wanda masu garin ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa sun yi ƙunci ta yadda mota ba ta shiga yawancinsu, don haka da ƙafa ake yawo, kuma wanda ya saba da lungunan cikin birnin Kano ba zai ji baƙunta ba. A ƙofar kusan kowane gida akwai dakali na dutse da suke kira baraza, inda dattawa ke zama bayan la'asar suna shan baƙin gahawa a ƙananan kofuna da ɗan alewar gyaɗa ko ta kwakwa. Ki lura da ƙyamaren gidajen, domin su ne adon birnin: na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, galibi da ayar Alƙur'ani a sassaƙe a samansu, na Indiyawa kuwa samansu a lanƙwashe yake, jikinsu cike da manyan ƙusoshin tagulla.

A bakin ruwa za ku ga tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina wajen 1700 bayan sun kori Turawan Fotugal. Kusa da ita akwai Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Bargash ya gina a 1883, wadda ta samu wannan suna saboda ita ce gini na farko a tsibirin da aka sa wa wutar lantarki da na'urar hawa bene. Wani sashenta ya rufta a watan Disambar 2020, saboda haka kada ku sa rai da shiga ciki sai kun tabbatar an gama gyara. A wannan gaɓar ce jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agustan 1896, saboda Halid ɗan Bargash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba. Yaƙin bai wuce minti 45 ba, kuma shi ake ɗauka mafi gajarta a tarihi. Yara kan riƙe wannan labari fiye da kowanne.

Akwai wuri guda da nake roƙon kada ku tsallake, duk da cewa ba wurin nishaɗi ba ne. Arzikin Zanzibar na ƙarni na 19, bayan da Sarki Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat ta ƙasar Oman wajen 1840, ya tsaya ne a kan abu uku: kanumfari, hauren giwa da cinikin bayi. Daga can cikin nahiyar Afirka ake koro mutane zuwa gaɓa, a loda su a jirage a kawo su kasuwar da ke unguwar Mkunazini. An rufe kasuwar a 1873, aka gina babbar majami'ar Angilika a filinta. Yau ana nuna wa baƙi ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da aka ce a ciki ake tsare bayi, waɗanda rufinsu ya yi ƙasa sosai, ga kuma wani rami a waje da aka tsayar da siffofin mutum biyar da sarƙa a wuyansu. Na taɓa tsayawa a ɗaya daga cikin ɗakunan da rana tsaka, iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa, kuma ban iya jure minti biyar ba. Da yawa daga cikin manyan fataken wannan ciniki Musulmi ne, kamar shahararren Tippu Tip wanda gidansa ke nan cikin birnin, kuma ina ganin ya kamata yaranmu su ji wannan gaskiya daga bakin iyayensu, a wurin da abin ya faru.

Bayan magariba ku gangara lambun Forodhani, inda masu abinci ke baje tebura da fitilu. Akwai tsire da suke kira mishkaki, da gasasshen kifi, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka tare da citta da lemon tsami, da wani romo mai tsami da ake kira urojo wanda ake zuba wa dankali da ƙosai irin nasu. Ku tambayi farashi kafin a ɗora muku komai a faranti, ku kuma zaɓi abin da aka gasa a kan idonku, domin kifin da ya jima a tebur shi ke ɓata ciki. Batun halal ba abin damuwa ba ne a cikin gari. Da safe kuma kasuwar Darajani ce wurin sayen kayan ƙamshi da zannuwan kanga, kuma a nan za ki ji daɗin wani abu: lambobinsu na goma-goma daga Larabci suke kamar namu. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, duk za ki gane su ba tare da tafinta ba, kuma hakan na taimakawa ƙwarai wajen tayi.

Maigida zai lura da ɗan bambanci a masallaci. Akasarin mutanen tsibirin mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, saboda haka liman yakan bayyana bisimilla a salla, yakan kuma yi ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, mamu suna amsawa da amin. Akwai kuma masallatan Ibadiyya, gadon mutanen Oman, da na 'yan Shi'a 'yan asalin Indiya.

Rana ta uku ku fita gonakin kayan ƙamshi da ke yankin Kizimbani da Kidichi, tafiyar da ba ta wuce rabin awa daga birni ba. A ganina wannan ita ce fitar da za ta fi burge ki, domin kanumfari da kirfa da masoro da muke saye a ƙulle cikin leda, a nan za ki gan su a jikin itatuwansu. Kanumfari ashe tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce, kuma mai yi muku jagora zai yanko ɗan ɓawo ya ba ki ki shinshina, sannan ya tono saiwar ya nuna miki cewa ita ƙamshinta dabam ne, kamar na man shafawar mura. Masoro kuwa yaɗo yake yi ya nannaɗe wata bishiyar. Yawancin kanumfarin ƙasar daga Pemba yake fitowa, amma waɗannan gonaki sun isa a ga yadda abin yake. Idan lokaci ya ragu, kwale-kwale mai inji zai ɗauke ku daga tsohon birni ya kai ku tsibirin Changuu cikin kimanin rabin awa, inda ake kiwon manyan kunkuru waɗanda aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seychelles a 1919. Wasu sun haura shekara 100, kuma girmansu yakan sa yara su yi tsit.

Sai batun teku, kuma a nan ne baƙi suka fi yin kuskure, domin ba su san cewa tekun Zanzibar yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana ba. A gaɓar gabas, wato ƙauyukan Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye yakan yi nisa har ya kusa ɓacewa daga gani, ya bar fili fari fat da 'yan kududdufai. Janyewar ta fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da kuma tsakiyarsa, kuma lokacinta yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Wanda ya biya kuɗin otal a gabas yana zaton zai yi wanka duk sa'ar da ya so, zai yi baƙin ciki. Amma wanda ya san haka zai ga abin da babu shi a hotunan talla. Wata safiya a Jambiani na bi sawun ruwan da ya janye, na tarar da mata sun ɗaura zani a ƙugu, suna zaune cikin ruwa iya gwiwa, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku, layi-layi kamar kunyoyin gona. Noma ne sosai, ana girbe ciyawar a shanya a sayar, ana kuma yin sabulu da ita, kuma da shi mata da yawa ke ɗaukar ɗawainiyar gidajensu. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hotonsu, ku kuma sa wa yara takalman roba, saboda akwai wata halitta mai ƙayoyi baƙaƙe da ke ɓuya cikin duwatsu.

Idan wanka ne burin yaran, ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga birni, inda ruwa ba ya janyewa da nisa. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce can ne cunkoson baƙi ya fi yawa, akwai giya da kiɗa da shigar da ba za ki so ba, musamman a manyan otal. Mafita ita ce ku kama ƙaramin masauki ko gida na iyali, ku tambayi mai shi kai tsaye ko ana sayar da giya, sannan ku fita teku da hantsi kafin rairayin ya cika. Babu wanda zai kalle ki don kin shiga ruwa da cikakkiyar sutura, haka matan garin ke yi. A Nungwi kuma har yanzu masassaƙa na ƙera jiragen katako masu tafiya da iska a bakin ruwa, da gizago da kurfi, kuma kallonsu kyauta ne. Duk jirgin da za ku hau, ku ƙirga rigunan kariya daga nutsewa kafin ku biya. Na taɓa sauka daga wani kwale-kwale saboda mai shi ya ɗauki mutum goma sha biyu da riga huɗu, kuma ina ba kowane uba shawarar ya yi haka.

A hanyar gabas akwai dajin Jozani, mazaunin jan birin da babu irinsa a ko'ina a duniya sai Zanzibar, kuma awa biyu sun isa a gan shi a kuma bi gadar katakon da ta ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Can kudu kuwa, a Kizimkazi, mutane na zuwa ne don kallon dabbar ruwan nan da ake kira dolfin, amma ni abin da ke kai ni shi ne ƙaramin masallacin Dimbani. A bangon alƙiblarsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107, ko da yake an sake gina yawancin masallacin a ƙarni na 18. Musulunci ya kafu a wannan gaɓa fiye da shekara 900 ke nan.

Game da lokaci, babban hutun makaranta na watan Agusta ya yi muku daidai, domin daga Yuni zuwa Oktoba sama na washewa, zafi kuma na raguwa. Ku guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina da suke kira masika, musamman Afrilu. Ƙarshen Disamba akwai zafi da gumi, kuma a lokacin ne kuɗin masauki ya fi tsada. A watan azumi gidajen abinci da yawa na cikin gari ba sa buɗewa da rana, amma bukukuwan ƙaramar salla sukan ɗauki kwana huɗu.

Mai fasfo ɗin Nijeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida ya jira amincewa, saboda haka ku fara da wannan akalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ku tafi da katin rigakafin shawara na kowa da kowa, har da yara. Tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, wadda ake biya ta intanet. Daga Kano hanya mafi sauƙi ita ce ta Adis Ababa zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaban na Nijeriya da awa biyu, sannan suna da nasu lissafin sa'o'i da ke farawa daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya. Idan direba ya ce zai zo saa tatu, ƙarfe tara yake nufi, don haka ku nuna masa lokacin a fuskar waya kafin ku rabu.