Masallacin duwatsu a gona: wane dutse zan saya?

Tambaya: Malam, na sayi gona a kan hanyar Mirriya, ina so in kewaye wuri da duwatsu inda ni da 'yan ƙwadago za mu riƙa salla da damina. Ɗana ya nuna mini hoton da'irar duwatsun Wassu ta ƙasar Gambiya, ya ce mu sa a faso mana manya mu kafa haka. In saya?
Wani manomi daga Damagaram

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a gonar. Ka riƙe kuɗinka. Duwatsun Wassu, waɗanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006, marmara ce aka sassaƙa aka kafa a wuraren kaburbura. Kai kuwa wurin sa goshi kake nema, kuma duwatsu masu girman kan mutum sun ishe ka. Fara da na gonarka. In sun kasa, ka yi ciniki da mai amalanke a kan lodi, ka ga dutsen da idonka kafin ka biya. Baƙin dutse irin na unguwar Birni ta Damagaram ya fi marmara jure ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙibla. Da yawa cikinmu sai mu dubi inda rana ta fito mu ce nan ne gabas, alhali mafitarta tana gusawa daga rani zuwa damina. Daga Damagaram alƙibla tana wajen digiri 71 daga arewa, wato gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Ga hanyar da ba ta cin ko dala: ranar 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar, ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana tsaye daidai kan Ka'aba. Kafa sanda a miƙe, ka ja layi a kan inuwarta. Idan ka tsaya a ƙarshen inuwar ka fuskanci sandar, ka fuskanci alƙibla.

Kada ka yi da'ira. Sahu miƙaƙƙe yake so, saboda haka kusurwa huɗu za ka yi, da ɗan lanƙwasa a gaba don liman. Bar wa kowane mutum kamar santimita 60 a faɗi, kowane sahu mita 1 da kwata. Zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, in da gawo ko aduwa kusa, madalla. Binne rabin kowane dutse, layi ɗaya tak. Tulin duwatsu gidan kunama ne. Ka zuba yashi mai laushi a ciki.

Kafin ka ɗora dutsen farko, zauna da malaminka a kan niyya. In ka furta cewa masallaci ne ka bar wa jama'a, ya zama hubusi, ba a sayar da shi, ba a gādonsa. In wurin salla ne kawai naka da ma'aikatanka, ka faɗa wa 'ya'yanka haka a gaban shaidu, mai gari ma ya sani.