Tambaya da Amsa: Murhun Ƙira Mai Aiki da Gas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maƙeri ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, lauje da gatari da wuƙa nake ƙerawa, kuma da kaka ta matso aikin lauje kan yi mini yawa saboda masu yankan riɗi. Gawayi ya yi tsada. Na haɗa murhun gas da tsohon bututu, na shafe cikinsa da siminti da yashi, na jona shi da anbuba, wato tukunyar gas ta girki. Ƙarfe ba ya wuce ja, simintin kuma ya tsage yana zubowa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Matsala biyu ce, kuma ta rufin ciki ita ce babba.

Simintin gini da ruwa yake kamawa, ruwan kuma yana nan a jikinsa ko bayan ya bushe. Da wuta ta yi ƙarfi sai ruwan ya nemi hanyar fita, simintin ya tsage, wani lokaci ma ya fashe ya watso maka a fuska. Ban da haka yana shanye zafi ya miƙa shi ga bututun waje, gas ɗinka ya tafi wajen dumama maƙera. Jan bulon da ake gasawa a bakin Nilu shi ma haka yake. Ka kankare simintin nan gaba ɗaya.

Abin da ake shimfiɗawa shi ne bargon zaren tangaran, wani farin abu mai kama da auduga da ake samu wurin masu kayan tanda da tukunyar tururi ta masana'anta. Wasu na kiransa Kaowool, sunan wani samfurinsa. Ka nemi mai jure digiri 1260 aƙalla, idan ka samu mai 1430 ya fi, mai kaurin santimita 2 da rabi. Ninki biyu za ka sa, santimita 5 ke nan. Ninki biyun sun fi guda mai kauri saukin lanƙwasawa, kuma ranar da na ciki ya lalace shi kaɗai za ka canja.

Ga lissafin girma, domin nan mutane da yawa suke faɗuwa. Bakin wuta ɗaya na bututu mai inci uku bisa huɗu yana iya ɗaukar ciki mai kusan lita 5 zuwa 5 da rabi. Bututu mai faɗin santimita 25 da tsawon 30, idan ka shimfiɗa masa santimita 5 a kewaye, zai bar maka rami mai faɗin 15, wato lita 5 da ɗan ɗoriya. Ya yi daidai. Wanda ya ɗauko ganga ya sa mata bakin wuta ɗaya zai ƙone gas har yamma ƙarfe bai yi laushi ba. Nadin bargon yakan zo da faɗin santimita 61, saboda haka mita ɗaya ta ishe ka: ka raba ta a tsaye gida biyu, ka yanki ninkin waje kusan santimita 78, na ciki kusan 63, ka gwada ka rage, ragowar ka toshe bayan murhun da ita. Ka bar ɗan rami a bayan, domin dogon ƙarfe ya wuce, wuta kuma ta samu mafita.

Kada ka kunna wuta a kan bargon yana tsirara. Wannan muna faɗa da babbar murya. Zarensa yana karyewa ya zama ƙura mai shiga huhu, harshen wuta kuma yana hura ta kai tsaye zuwa inda kake tsaye. Lokacin yanka ka sa takunkumi mai kyau da safar hannu, ka ɗan yayyafa masa ruwa. Bayan ka shimfiɗa, ka fesa masa ruwan silika mai sandarar da zare, ka bari ya bushe, ka ɗan gasa shi. Sannan ka kwaɓa simintin wuta, irin na tanda mai jure digiri 1600 ko kusa da haka, ka shafa kaurin santimita ɗaya a bango, ƙasan kuma ka ƙara masa kauri. Kilo 3 zai isa. Ruwan kwaɓin ya zama kaɗan, yadda idan ka dunƙula a hannu zai tsaya, ba ya ɗiga ta tsakanin yatsu.

Bushewa tana son haƙuri, musamman a zafin Gadarif da iskarta mai bushe abu nan take. Ka rufe bakin murhun da jiƙaƙƙen tsumma da leda kwana ɗaya, a inuwa. Ka buɗe ya sha iska kwana biyu ko uku. Wutar farko ta zama ƙarama, minti biyu ko uku ka kashe. Za ka ga tururi yana tashi. Ka maimaita kana ƙara lokaci har tururin ya ɗauke. Ƙananan tsaga kamar gashi ba komai ba ne, ka cike su da ragowar kwaɓi.

Matsala ta biyu ita ce munazzim ɗin da ke kan anbubarka, wato na'urar da ke daidaita matsin gas. Na girki yana sakin gas a hankali ƙwarai, matsinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin matsi). Bakin wutar ƙira yana buƙatar gas ya fito da gudu ta ƙaramin rami, domin gudun ne yake jawo iska ya cakuɗa. Ka sayi mai juyawa wanda yake kaiwa bar 2, da tiyon da aka yi don wannan matsi, tiyon girki ba zai yi ba. Ramin fitar gas ya zama milimita 0.8 ko 0.9. Kan tagullar injin walda mai waya mai wannan lamba zai yi, ya fi ramin da za ka huda da hannu daidaito. Ya zauna tsakiyar bututun bakin wuta cif, bututun kuma tsawonsa santimita 17 zuwa 20. Ka shigar da shi a karkace ta gefen sama, yadda wuta za ta bi bango tana zagayawa, bakinsa ya ɗan noƙe cikin rufin don kada ya narke. Idan komai ya zauna, za ka ji ruri mai ɗorewa, cikin ya tashi daga ja zuwa ruwan lemo zuwa rawaya cikin kusan kwata ɗaya na awa.

Amma kada ka rushe murhun gawayinka. Lauje da wuƙa za su shiga wannan rami, faffaɗar garma ba za ta shiga ba.

Tambaya: Ina Maiurno. Ban samu bargon da kuke faɗa ba. Kuma ina da tsohuwar anbuba, zan iya yanka ta ta zama jikin murhu?

Amsa: Ɗan'uwa, ka nemi farin bulon wuta mara nauyi, wanda zarto ke yankawa cikin sauƙi. Ka jera shi kamar akwati, ka ɗaure da ƙarfen kwana. Mai nauyin, ruwan ƙasa, a shimfiɗar ƙasa kaɗai yake da amfani. Game da anbuba, mun fi so ka nemi bututu ko tsohon tankin iska. Anbubar da ake gani babu komai a ciki tana riƙe da gas da zai iya kashe mai yanka. Idan ba makawa, a cire kanta a fili nesa da wuta, a cika ta da ruwa har ya tumbatsa, ta kwana, a zubar a sake cikawa kafin injin yanka ya taɓa ta. Ka kuma guji bututu mai farin shafe irin na ruwan famfo, hayaƙin shafen yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Tambaya: Murhuna yana aiki lafiya, amma bayan awa ɗaya wuta kan yi rauni, jikin anbuba ya yi raɓa mai sanyi. Ni kuma kaina yakan yi ciwo. Daga Kassala.

Amsa: Malam, mu fara da ciwon kan, shi ya fi gaggawa. Murhun gas yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, ciwon kai da jiri su ne alamarta. Ka fitar da murhun zuwa rumfa mai buɗaɗɗen gefe tun yau, kada ka sake kunna shi a ɗaki. Idan dogon harshen wuta yana fitowa daga bakinsa, gas ya fi iska yawa, ka ƙara buɗe mashigar iska.

Raɓar kuwa, gas ruwa ne a cikin anbuba, yana jan zafi daga jikinta kafin ya zama iska. Idan ana zuƙa da sauri sai ta yi sanyi, matsi ya faɗi, balle in ta kusa ƙarewa. Ka tsayar da ita cikin baho mai ruwa mara zafi, ko ka jona anbuba biyu. Kada ka dumama ta da wuta, kada ka kwantar da ita. Kowace safiya kafin ka kunna, ka shafa ruwan sabulu a duk mahaɗin tiyo. Inda ya yi kumfa, nan gas yake yoyo, ka rufe anbubar ka gyara tukuna.